Maganin Ƙarfin Maza: A Fara Ganin Likita

Duk wanda ya saba bin titin Zariya ta Gyaɗi-Gyaɗi da yamma, ko ya ratsa ta wajen kasuwar Tarauni, ya san motocin nan masu lasifika da ke tallar maganin ƙarfin maza da kalmomin da ba ma so 'ya'yanmu su ji. Mun sha kokawa kan batsar da ke cikin tallar. Yau dai masu saye ne suka dame mu, domin kuwa a cikinsu akwai 'yan'uwanmu da muke zama benci ɗaya da su ran Lahadi.

Bari mu faɗi gaskiya tun da fari: raunin namiji ciwo ne, kuma neman maganinsa ba zunubi ba ne. Manzo Bulus ya koya wa Korantiyawa cewa miji da mata suna da hakki a kan juna, Luka mai bishara kuwa shi kansa likita ne. Abin da ke jefa mutum cikin hatsari kunya ce. Magidanci zai gwammace ya miƙa kuɗi ta tagar mota cikin duhu da ya buɗe baki a gaban likita, alhali kuwa ga Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano nan a kan wannan titi.

Ƙwayar da aka fi sani, wato sildenafil, wadda kamfanin Pfizer ya fitar da sunan Viagra, ta sami izinin hukuma a Amurka cikin 1998. Asali don ciwon zuciya aka fara gwada ta. Aikinta shi ne ta saki jijiyoyin jini don jini ya gudana, saboda haka takan ɗan sauke ƙarfin bugun jini a jiki duka. To, a nan gizo ke saƙa. Mai ciwon zuciya da ke shan maganin ciwon ƙirji, irin wanda ake sakawa a ƙarƙashin harshe, idan ya haɗa shi da wannan ƙwaya, jininsa na iya faɗuwa farat ɗaya, har a rasa shi. Mai talla ba zai tambaye ka wane magani kake sha ba. Haka kuma ba a shan ta fiye da sau ɗaya a rana, kuma likita ne ke zaɓa wa mutum miligiram 25, ko 50, ko 100, gwargwadon shekarunsa da lafiyar hantarsa da ƙodarsa.

Wani zai ce ai shi na gargajiya yake sha, ko zuma. Ina ma a ce haka abin yake kullum! A 2022 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta gargaɗi wasu kamfanoni bayan ta gano an ɓoye irin wannan sinadari cikin zumar da suke sayarwa. In har an yi haka a can, me zai hana a yi a kwalbar da ba ta da lambar NAFDAC, ba ta da sunan wanda ya haɗa? Mutum yana shan maganin asibiti ne bai sani ba, kuma bai san yawansa ba.

Akwai abin da ya fi wannan nauyi. Sau da yawa raunin nan ɗan aike ne. Jijiyoyin jinin wurin sun fi na zuciya ƙanƙanta, don haka su ke fara nuna alama idan ciwon suga ko hawan jini ya soma ɓarna a ɓoye. Wanda ya haɗiyi ƙwaya ya yi shiru ya kori ɗan aike ke nan bai saurari saƙo ba, sai bayan 'yan shekaru a ji shanyewar ɓarin jiki ta kama shi. Wasu kuma maganin hawan jinin da aka ba su ne ke jawo musu raunin, sai su daina sha a asirce. Kada a yi haka. A koma wurin likita, akwai wani irin da zai iya sauyawa.

Masu sikila, wato amosanin jini, su yi hattara ƙwarai, domin sun fi kowa fuskantar miƙewar gaba mai zafi da ta ƙi kwantawa. Ga kowane namiji, in abin ya kai awa 4, a nufi asibiti ko da tsakar dare ne, gama jinkiri na iya kashe gaban har abada.

Ga mata kuma muna da roƙo. Gori da habaici su ke tura maigida wurin mai lasifika. Uwargida, ki ce masa ku je tare, ki riƙe masa katin asibiti, ki tuna masa ya tafi da dukan magungunan da yake sha don likita ya gani.

Shugabannin zumuntar maza su ma su tashi tsaye. Kusan kowace ikilisiya a nan Kano tana da nas ko likita ko mai harhaɗa magunguna. A ware Asabar ɗaya, maza zalla, a auna jini da suga, a bar kowa ya rubuta tambayarsa a takarda ba tare da suna ba. Wanda aka rubuta wa ƙwayar kuwa ya saye ta a kantin magani mai rajista, ya duba ranar lalacewarta, kada kuma ya gutsura wa aboki.