Jira iri-iri ne: darasi daga gidan dara da teburin Japanawa



Duk wanda ya taɓa zama a ƙauyukan da ke kewaye da madatsar ruwan Watari a Bagwai bayan an cire amfanin gona ya san yadda gidan dara yake kamawa da la'asar. Ramuka talatin a ƙasa, kowa da 'ya'yansa goma sha biyu, wannan da tsakuwa, wancan da guntayen kara. Masu kallo ba lokacin da aka jera uku aka ci suke yin tsit ba. Sun fi yin tsit ana saura motsi ɗaya, musamman idan ƙofa biyu ce a buɗe kuma abokin karawa ɗaya kawai zai iya toshewa.

Japanawa sun raɗa wa wannan jiran sunaye a wasansu na majan, wanda ya zo musu daga Sin. Ba caca muke tallatawa ba, tsarin muke kallo. Ana wasan da 'ya'ya 136, iri 34, kowane iri guda huɗu. Mutum yana riƙe da 13, yana jiran na 14 ya cika hannu. Idan yana da 3 da 4, to 2 za ta cika masa, 5 ma za ta cika: 'ya'ya har takwas ke nan. Wannan shi ne riyanmen. Idan 3 da 5 ya riƙe, sai 4 kaɗai, guda huɗu; sun kira shi kancan. Wanda kuwa yake neman wa ɗa ɗaya tilo abokin zama, uku suka rage masa, wato tanki. In biyu daga cikin ukun sun riga sun faɗi a tebur, jiran jahannama suke ce masa.

A ganinmu, yawancin labaran da muke turowa nan kancan ne, kuma mun nuna wa kowa hannunmu tun shafi na biyu. Yarinya tana son wane, an ba da ita ga wane, abu ɗaya tak ake jira: a ɗaura da masoyi. Mai karatu ya san 4 ɗin tana tafe, saboda mu ne masu rabon 'ya'yan. Shi ya sa yake tsallakewa zuwa babin ƙarshe, mu kuma mu ce matasa ba sa karatu.

Me zai hana mu ba shi ƙofa biyu? Idan ta zauna gidan da aka kai ta, labarin ya cika. Idan ta fita, ya cika, kuma kowanne akwai abin da zai ci mata. A nan mai karatu ba ya iya toshe mana.

Ba mu ce a jefar da ƙuntataccen jira ba. Su ma Japanawan ɗan ƙarin maki suke ba wanda ya ci da kancan ko tanki. Amma a teburinsu kowa yana ganin abin da aka zubar, yana ƙirga saura nawa. Mu kuwa sai mu kashe duk hanyoyin jaruminmu, a babi na ƙarshe mu fito da wani kawu mai kuɗi daga Legas wanda ba a taɓa ambata ba. Ɗa na biyar ke nan a wasan da huɗu kawai ake da su, kuma a gidan darar Bagwai da an kama hannunmu tun kafin mu ajiye shi.