Fim Ba Tarihi, Miya Ba Gishiri

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai, kowane ƙarshen zango ana raba mana takarda wai mu faɗi ra'ayinmu a kan darasin fim. Mun rubuta, mun sake rubutawa, shiru kake ji. To, yau za mu faɗa a fili.

An koya mana riƙon kyamara da saita haske, an sa mun haddace sunayen daraktocin Amurka da Faransa. Madalla. Amma ran da aka nuna mana Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa na 1934, ba wanda ya ce mana uffan a kan cinikin bayi. Mun ga uwa tana bin sawun ɗanta cikin hamada, aka ce mu duba kyan hoton rairayi! Ina amfanin sanin inda aka kafa kyamara, in ba mu san abin da ya raba ɗa da uwarsa ba?

Haka aka ambaci majigin Baban Larai a gurguje. Mu da muka taso a Wonaka, Tsafe da Bunguɗu jikokin manoman auduga ne. Kakanninmu aka yi wa wannan majigi. Turawa sun shimfiɗa dogo daga Zariya ya ratsa Gusau har Ƙauran Namoda a 1929 domin kwasar auduga da gyaɗa, majigi kuwa aikinsa kwaɗaitar da manomi ya ƙara nomawa. Wanda bai san wannan ba, wasa kawai ya kalla.

Ana ce mana tarihi yana da nasa sashen. Wannan uzuri ne. Likita ba ya ba da magani sai ya ji mafarin ciwo. Shi kansa Shaihu Umar ya ɓace shekaru da dama, sai da aka tsinto faifansa a Legas, aka gyara a Jamus, aka nuna a Berlin a 2018. Baƙi sun san darajarsa, mu muna barci.

Buƙatarmu ɗaya ce: kafin a kashe fitila, a gaya mana wa ya yi fim ɗin, a wane zamani, da kuɗin wa, domin wa. Gobe mu ne a ma'aikatun watsa labarai da gidajen talbijin. In an yaye mu da makanta, da ita za mu ja jama'a.