Kuɗin Bincike: Wa Ya Tambayi Mutumin Kuyello?

Wani ra'ayi ya yi kaka-gida a jami'o'inmu: wai tunda kuɗin bincike ba ya isa, a fifita aikin da zai shiga mujallun Ingila da Amurka, sunan jami'a ya ɗaukaka. Ni dai ban yarda ba. Kuɗin da asusun TETFund ke rabawa haraji ne da aka karɓa daga kamfanonin ƙasar nan, ba gadon wani farfesa ba ne. Kafin a ba kowa ko sisi, a tambaye shi: ciwon wa za ka warkar?

Mu je Birnin Gwari. Ƙasar noman masara ce, kuma ƙasar zinare. A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a Zamfara, domin a cikin gidaje ake niƙa dutsen zinare, yara na shaƙar ƙurarsa. A 2015 ta sake ɓulla a Shikira, cikin ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, wadda ke maƙwabtaka da Birnin Gwari. To, wane bincike ya fi gaggawa a kan auna ƙasa da ruwan rijiya da jinin yara a garuruwan da ake haƙa, daga Kuyello har bakin dajin Kamuku? Aikin ba ya buƙatar na'urar biliyoyi. Laifinsa ɗaya: ba ya jawo tafi a taron masana.

Za a ce ai babu tsaro. An daɗe ana fakewa da wannan. Tun Nuwamban 2024 gwamnatin Kaduna ta yi sulhu da 'yan bindigar yankin, aka sake buɗe kasuwar shanu. Idan falke zai iya shiga da tirela ya ɗebo buhunan masara, me zai hana masani shiga da kwalbar gwaji?

Za a kuma ce binciken gida ba ya da daraja. Sai a leƙa Samaru. Tun 1922 ake aikin binciken noma a can, kuma irin masarar SAMMAZ da waken SAMPEA sun shiga gonaki sun cika rumbuna. Manomin da ya shuka su bai taɓa ganin mujallar da aka buga labarinsu ba.

Saboda haka a sa manomi da ungozoma da mai haƙar zinare cikin kwamitin tantancewa. Mai neman kuɗin ya tsaya gabansu ya bayyana aikinsa da Hausa. Wanda ya kasa, ya jira baɗi.