Zomon Gida Ba Abin Wasan Yara Ba Ne

A ganinmu, duk magidancin da ya saya wa 'ya'yansa zomo wajibi ne ya san nauyin da ya ɗauka. Haƙoran zomo ba su daina tsiro muddin yana raye, tauna ciyawa da harawa ne ke rage su. Wanda ake ciyarwa da burodi da ragowar tuwo kuwa, haƙoran kan zarce har su hana shi ci. In ya yi awa 12 bai ci ba, bai yi kashi ba, to a garzaya wurin likitan dabbobi, kada a jira gobe. Ɗaukarsa ta kunne da yara suka saba zalunci ne, domin in ya fizge, ƙashin bayansa na iya karyewa.