Raddi ga Mai Cewa Alamar Bluetooth Hatimin Tsafi Ce

Wani ɗan'uwa ya fito yana cewa wai alamar Bluetooth da ke saman wayoyinmu hatimin matsafan Turai ce. Hujjojinsa uku ne: an ɗauko alamar daga "run", su kuma run zanen tsafi ne, harafin da ke cikinta, Berkana, sunan gunkiyar haihuwa ne, kamfanoni kuma da gangan suka cusa mana ita. Wato dai duk wanda ya tura wa abokinsa karatu ta Bluetooth ya taɓa tsafi ke nan. To, mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Ta farko ce ginshiƙin maganar, kuma ita ta fi rauni. Malam, run haruffa ne. Baƙaƙe ne da wasula waɗanda Jamusawan dauri da danginsu na arewacin Turai suka rubuta harsunansu da su. Jerin farko haruffa 24 ne, ana ce masa Futark saboda haruffa shida da suka buɗe shi, kamar yadda mu ke cewa abajada. An same shi a jere a jikin dutsen Kylver da ke tsibirin Gotland na Suwidin, wanda aka sassaƙa wajen shekara ta 400. Kafin shi akwai wani mataji da aka tono a Vimose ta ƙasar Danmak, na wajen shekara ta 160, ɗauke da kalma ɗaya tak, wadda masana da dama suke ɗauka sunan mutum ne. Mataji fa! Bayan gobarar 1955 a unguwar Bryggen ta birnin Bergen a Norwe, an tono rubuce-rubucen run fiye da 600, galibi a jikin 'yan sanduna. Me ke cikinsu? Sunan mai kaya da ake ɗaurawa a jikin haja, wasiƙun 'yan kasuwa, saƙonnin soyayya, har da addu'o'in coci da Latin. Wane irin tsafi ne ake rubuta sunan mai kaya da shi?

Dubi siffar harafin kansa: ᛒ. Ai B ce da aka karya wa kwana. Mai sassaƙa da wuƙa a jikin itace ba ya jin daɗin lanƙwasa, sai ya mayar da ita layi miƙaƙƙe. Yawancin masana sun tafi a kan cewa daga haruffan Latin ko na arewacin Italiya aka aro run. B ɗin nan kuwa jikar "bet" ce ta mutanen Finiƙiya, wadda ita ce kuma kakar "ba" ta Larabci. In dai wannan harafi tsafi ne, sai a gaya mana yadda za a rubuta Bala da Binta.

Ba mu musa cewa wasu sun rubuta laya da run ba. Sun yi. Amma boka ma da haruffa yake rubutu, ba wanda ya ɗora wa haruffan laifi. Shi kuma Tasitus, marubucin Rum da ake yawan kafa hujja da shi, abin da ya faɗa a shekara ta 98 shi ne Jamusawa na ƙuri'a da tsinke masu alama. Bai ce run ba ne.

Ta biyu, suna. Ɗan'uwanmu bai ma san cewa sunan Berkana, ko "Berkanan", ba a taɓa samunsa rubuce a wani tsohon dutse ba. Masana harshe ne suka maido da shi ta hanyar kwatanta "bjarkan" na tsohon harshen Nos da "beorc" na tsohon Ingilishi. Ma'anarsa wata bishiya ce mai farin ɓawo da ke tsirowa a ƙasashen sanyi. Galibin haruffan an raɗa musu sunan abin da ya fara da sautinsu ne. Abokin ᛒ a alamar, wato ᚼ, sunansa Hagall, ma'ana ƙanƙara. Fassarorin duba na run da ɗan'uwanmu ya haddace kuwa ba su da wani tsufa: marubuci Guido von List ne ya buɗe ƙofar a 1908, marubuci Ralph Blum ya cika kasuwa da su a 1982. Kallon kitse ya yi wa rogo.

Ta uku ba ta cancanci dogon zance ba. ᚼ da ᛒ, wato H da B, farkon sunan Harald Blåtand ne, sarkin Danmak na ƙarni na 10, wanda ya sa aka rubuta a dutsen Jelling cewa shi ya mayar da mutanen Danmak Kiristoci. Wato mutumin da ya juya wa gumaka baya shi aka laƙaba wa bautarsu. Jim Kardach na kamfanin Intel ne ya kawo sunan Bluetooth daga sunan wannan sarki a 1997, don sarkin ya haɗa kan jama'arsa kamar yadda fasahar za ta haɗa na'urori.

Ɗan'uwa, ko ka kawo tsohon rubutu ɗaya da ya kira wata gunkiya Berkana, ko kuwa ka janye maganar a gaban mutanen da ka tsorata.