Mafarautan Jiya, 'Yan Rakiyar Yau: Inda Duniya Ke Zuwa Kallon Kifin Wel

A makon nan zan jingine zancen siyasa, in kai ku bakin teku. Na san wani zai ce, Malam, mu da muke fama da kuɗin buhun masara, ina ruwanmu da kifin wel? A yi mini uzuri zuwa ƙarshen rubutun, domin zancen arziki ne, kuma wani yanki na arzikin namu ne.

Abin da ya tayar da maganar shi ne wani ɗalibina da ya shigo ofis karɓar gyaran kundinsa, ya ga wani hoto a bango: wata ƙatuwar wutsiya baƙa ta ɓullo daga cikin ruwa. Na gaya masa cewa wutsiyar kifin wel ce, ni na ɗauka da hannuna a Afirka ta Kudu. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Malam, to idan aka kama wannan, mutum nawa zai ciyar?" Na yi dariya, amma tambayar ta kwana a raina, domin ita ce tambayar da duniya ta shafe ƙarnoni tana yi kafin ta gano cewa akwai wadda ta fi ta.

Da farko, kifin wel sunan kifi kawai yake amsawa. Dabba ce mai jini mai ɗumi, wadda take shaƙar iska ta wata kafa a saman kanta, take haihuwa, take shayar da ɗanta nono kamar saniya. Babbansu, wato shuɗin wel, yakan kai tsawon mita 30, nauyinsa ya haura tan 150, kwatankwacin giwaye 25 ke nan. A duk dabbobin da ɗan Adam ya sani, na da da na yanzu, babu wanda ya kai shi nauyi.

Wannan girma ne ya jawo masa masifa. Da kitsensa aka riƙa kunna fitilu a biranen Turai da Amurka, da shi aka shafe injina, daga baya aka riƙa yin sabulu da man shafa wa burodi. A ƙarni na 20 kaɗai an kashe kusan miliyan 3. Sai da wasu jinsunan suka kusa ƙarewa sannan hukumar duniya mai kula da farautar wel, wadda aka kafa a 1946, ta yanke shawara a 1982 cewa a dakatar da farautarsa don kasuwanci, dakatarwar ta soma aiki a 1986. Idan kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Wani rahoto da ƙungiyar IFAW ta fitar a 2009 ya nuna cewa a shekarar 2008 mutum miliyan 13 ne suka je kallon wel a ƙasashe da yankuna 119, suka kashe dala biliyan 2.1. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne, da yawa daga wuraren da suka yi fice a wannan harka yau su ne mahautan wel na jiya.

Bari in fara da inda na taka da ƙafata. Wani taron ƙara wa juna sani ne ya kai ni birnin Kef Tawun a wani watan Satumba, kuma ranar da aka ba mu hutu muka yi hayar mota zuwa garin Hermanus, tafiyar kilomita 120 ko kusa da haka. A can ba ka buƙatar jirgin ruwa. Akwai turba mai tsawon kimanin kilomita 12 a kan duwatsun gaɓa, daga nan kake leƙa teku. Daga Yuni zuwa Nuwamba, wani jinsin wel yana barin ruwan sanyi na ƙuryar kudu ya zo wannan mashigi ya haihu. Sunan da mafarautan Ingila suka sa masa yana nufin "wanda ya dace", kuma bayanin da aka fi yi shi ne ya dace da kisa: ba shi da sauri, yana son kusa da gaɓa, idan ya mutu kuma sai ya taso saman ruwa. Tun 1992 garin yake da mai shela, wanda ke yawo da ƙaho na busasshiyar ciyawar teku, yana busawa idan an hango wel.

Mun fi awa guda muna jira, iska mai sanyi tana kaɗa mana riguna, har na fara tunanin an yi asarar kuɗin mota. Can sai ƙahon ya yi kuka. A ƙasanmu kaɗan, wani abu da na ɗauka dutse ne ya motsa, ya fesa tururi sama da wata ƙara kamar an saki iskar tayar tirela. Uwa ce, tsawonta ya kai na babbar motar safa, ɗanta na manne da gefenta. Mu wajen hamsin ne a wurin, amma babu mai magana. Gani ya kori ji. Da na juya na dubi garin, sai na ga masaukai, da gidajen abinci, da masu sayar da kayan tsaraba, da direbobi, duk suna cin abinci daga bayan dabbar da babu wanda ya taɓa ta. Ƙasar da ta rufe mahautarta ta ƙarshe a Durban a 1975 ke nan.

Sauran wuraren karatu ne ya kai ni, amma labarinsu ya fi na Hermanus koyarwa. A tsakiyar Tekun Atlantika akwai tsibirai 9 na ƙasar Fotugal da ake kira Azores. Mutanen can sun ci gaba da farautar wel da ƙananan kwale-kwale da mashin hannu har zuwa 1987. Suna da 'yan ɗakunan tsaro a kan tuddai, inda mai gadi yake zama da tabaron hangen nesa. Da ya hango feshin wel sai ya harba roka, maza su ruga cikin kwale-kwale. Yau waɗannan ɗakuna suna nan, masu gadi na nan a ciki, sai dai yanzu oba-oba suke ɗauka su sanar da jiragen masu yawon buɗe ido. A tsibirin Pico an mayar da tsohuwar masana'antar tatsar mai gidan tarihi. Wanda ya je a watan Afrilu ko Mayu yana iya dacewa da shuɗin wel a kan hanyarsa ta zuwa arewa. Ilimin da kakanni suka tara don kisa bai tashi a banza ba, aiki aka sauya masa.

A ƙasar Niyu Zilan kuma akwai wani ƙaramin gari mai suna Kaikoura. Kusa da gaɓarsa ƙasan teku ta rufta, zurfin ya haura mita 1,000, kuma a wannan kwazazzabo ne wel mai ƙaton kai, wanda ake samun turaren ambar a cikinsa, yake kiwo duk shekara. Yakan nutse ya yi minti 45 ko fiye kafin ya taso shan iska. A shekarun 1980 aikin yi ya yi ƙaranci a garin, musamman a tsakanin 'yan asalin ƙasar, wato Maori. A 1987 wasu iyalai biyar daga cikinsu suka jinginar da gidajensu, suka sayi jirgin ruwa ɗaya, suka fara fita da baƙi. Wannan kamfani ya zama ƙashin bayan tattalin arzikin garin, kuma har yau a hannun al'ummar yake. A ganina wannan ne darasi mafi girma: ba su jira baƙo ya zo ya gina otal ya ɗauke su aikin shara ba.

Sai gaɓar Baja Kalifoniya a ƙasar Meziko. Wel mai ruwan toka yana tasowa daga tekun da ke tsakanin Alaska da Rasha, ya zo tafkunan gaɓar nan masu ɗumi ya haihu daga Janairu zuwa Maris, tafiyar da zuwa da komowa takan haura kilomita 16,000. A 1857 wani kyaftin mai suna Charles Scammon ya gano ɗaya daga cikin tafkunan, aka mayar da shi mayanka. Saboda yadda iyaye mata ke farfasa kwale-kwale don kare 'ya'yansu, mafarauta suka laƙaba wa jinsin "shaiɗanin kifi". Amma a 1972 wani masunci, Francisco Mayoral, ya ga wel ya matso jikin kwale-kwalensa a tafkin San Ignacio ya ƙi tafiya, har ya miƙa hannu ya shafa shi. Yau a wannan tafki iyaye mata ne da kansu ke turo 'ya'yansu kusa da kwale-kwalen baƙi. Hukumar UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya a 1993, kuma a 2000 shugaban ƙasar, Ernesto Zedillo, ya soke shirin gina wata babbar masana'antar gishiri a bakin tafkin.

Kada mai karatu ya ɗauka komai lafiya lau ne. A ƙasar Aisland, garin Husavik ya fara fita da masu kallo a 1995, kuma a tsakiyar shekara, lokacin da rana ba ta cika faɗuwa a can ba, dubban baƙi ke cika shi. Amma ƙasar ba ta haramta farauta ba, haka ma Nowe, ita kuwa Japan ta fice daga hukumar duniya a 2019 ta koma farautar kasuwanci. Shi kansa kallon yana iya zama cuta. A Mirissa, kudancin Siri Lanka, inda ake ganin shuɗin wel daga Disamba zuwa Afrilu, an daɗe ana kokawa da yadda jirage ke yi wa dabba ɗaya taron dangi, ga kuma manyan jiragen dakon kaya da ke bi ta makiyayarsu suna bankaɗe su. Wel da sauti yake neman abinci da 'yan'uwansa, ƙarar inji kuwa tana toshe masa kunne. Shi ya sa a Afirka ta Kudu doka ta hana jirgin da ba shi da izini kusantar wel fiye da mita 300. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Wanda ya kori dabbar da hayaniya bana, baɗi sai ya nuna wa baƙi ruwa zalla.

To, ina namu a ciki? Kowace shekara, daga wajen Yuli zuwa Oktoba, wel mai doro, wanda ya shahara da tsalle da kuma doguwar rerawar mazansa, yana barin kudancin duniya ya shigo Mashigin Tekun Gini ya haihu. Wannan mashigi shi ne tekunmu. Ƙasar Gabon, wadda a ƙarnin da ya wuce take da mahautar wel kusa da birnin Port-Gentil, ta keɓe gandun daji 13 a 2002, kuma yau baƙi na zuwa gaɓarta kallon wannan dabba. Haka ake yi a tsibiran Sao Tome, har a Kwatano, nan maƙwabta, an sha fita da baƙi cikin teku don haka. Nijeriya tana da gaɓar teku mai tsawon kilomita 853, amma yawancinmu ba ma jin labarin wel sai ranar da teku ta turo gawarsa gaɓar Bayelsa, hotuna su cika Facebook, jama'a da adduna da bokitai. Ban ga laifin mai jin yunwa ba. Laifin namu ne, mu masu allo da alli, da ba mu taɓa nuna masa cewa akwai wani lissafin ba.

A 2023 gwamnatin tarayya ta kafa ma'aikata ta musamman don harkokin teku da arzikin ruwa. Shawarata gare ta da jami'o'inmu guda uku ce. A fara da ƙidaya: a san wane jinsi ke zuwa, a wane wata, a wace gaɓa, domin ba a tallata hajar da ba a ƙirga ba. Sannan a kafa dokar tazara da yawan jirage tun kafin baƙon farko ya iso, kada a maimaita kuskuren Mirissa. Na uku, a sa masuntan gaɓar a gaba, su ne masu kwale-kwale, su ne suka san ruwan, kamar masu gadin Azores da iyalan Kaikoura. Duk wannan kuwa ya rataya ne a kan tsaro, don babu mai biyan kuɗi ya shiga ruwan da yake tsoron 'yan fashin teku.

Ga wanda Allah ya hore wa tafiya, Hermanus tana da sauƙin kuɗi, tunda kallon daga tudu kyauta ne. A nufe ta a Satumba ko Oktoba, a tafi da rigar sanyi da haƙuri.

Da ɗalibin nan ya dawo da gyararren kundinsa, na ba shi amsar tambayarsa. Na ce masa idan aka kama ta, gari guda zai ci nama na mako ɗaya, shi ke nan an gama. Idan aka bar ta, uwar da na gani takan haihu kusan duk bayan shekara uku, ta dawo gaɓar nan da ta sani, kuma tana iya rayuwa fiye da shekara 70. Direban da ya kai mu ya ci, ɗansa zai ci, jikansa ma yana da rabo. Ya ɗan yi tunani ya ce, "Malam, ashe kamar saniyar tatsa ce." Na ce masa haka ne, sai dai ita wannan ba a saya mata dusa, abin da take nema kawai a ƙyale ta.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa, idan Allah ya kai mu.