Sallamar Asibiti Ba Ita Ce Warkewa Ba

Bara, ana tsakiyar yankan gero, gwaggona ta faɗi a bakin murhu a wani ƙauye kusa da Bande. Bakinta ya karkace, hannun dama da ƙafar dama suka saki, magana ta ƙi fita. A amalanke aka kai ta bakin hanya, mota ta kai ta Magariya, daga can aka tura su Damagaram. Likita ya ce shanyewar ɓarin jiki ce, hawan jini ya jawo ta. Ranar da aka sallamo ta gida ya cika maƙil da ƴan barka. Bayan mako biyu ba kowa a ɗakin sai matar ɗanta, yarinya mai goyo, da wata jikanya da aka dakatar da ita daga zuwa makaranta.

Haka muke yi a ƙasar Magariya da Dungas, kuma ba daidai ba ne. Mun iya kai mara lafiya asibiti, mun iya haɗa kuɗin magani cikin dare ɗaya. Doguwar jinyar da ke biyo baya ce muke zamewa mu bar wa mace ɗaya.

Gaskiya ne hankalin hukuma da na masu agaji ya fi karkata ga yara. Tun 2005 ƙungiyar likitoci ta MSF take aikin ceton yara a Magariya, kuma tun 2006 Nijar ta ayyana maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta. A 2024 gwamnati ta rage rabin kuɗin ayyukan asibitocinta, an kuma ji sauƙi. To amma tsohon da ya fito da mataccen hannu, gashi da motsa gaɓɓai yake bukata kullum, masu wannan aiki kuwa galibi a manyan birane suke. Daga Magariya zuwa Damagaram kusan kilomita 100 ne. Wane manomi ne daga Dogo-Dogo ko Malawa zai riƙa ɗaukar uwarsa wannan tafiya sau biyu a mako? Ashe ɗakin tsohuwa shi ne asibitinta, ƴaƴanta su ne ma'aikatan.

Aikin ba ya son ilmi mai zurfi, hannuwa yake so da haƙuri. Wanda ba ya iya juya kansa, a juya shi duk bayan kamar awa 2, in ba haka ba fatar ƙugu da ta diddige su ɓare, gyambo ya buɗe. Na ga irin wannan gyambon a bayan gwaggona, faɗinsa kamar tafin hannu, kuma ya fi ciwon da ya kwantar da ita wahalar da mu. In za a ba ta kunu, a zaunar da ita sosai, a ba ta da ƙaramin cokali, a jira ta haɗiye. Ɗura wa mai shanyewar jiki abinci yana kwance kan sa ya ƙware, abin ya gangara huhu. A riƙa lanƙwasa yatsu da gwiwar hannu da ƙafa a hankali, safe da yamma, kada a ja ta ta hannun da ya saki, kafaɗa na iya gocewa. Watanni 3 zuwa 6 na farko su ne jiki ya fi karɓar wannan horo. Su ne kuma muke ɓatarwa muna cewa a bari ta huta.

Wasu za su ce iska ce ta buge ta. A yi addu'a, a yi tofi, ba mai hanawa. Sai dai kada a ajiye ƙwayar hawan jini don an ga sauƙi, a rage gishiri da dunƙule a miya, a riƙa zuwa awo. Bugun ciwon na biyu yakan fi na farko muni.

Yanzu ga ƴan'uwana maza da ke ci-rani a Kano, Legas ko Agadas. Kuɗin da kuke aikowa Allah ya saka, amma kuɗi ba ya ɗaga tsoho ya kai shi bayan gida. Matarka da ka bari da wankin tsumma da tashin dare, ba ita mahaifiyarka ta goya ba; alheri take yi maka. Suratul Isra'i ta hana mu ko nuna ƙosawa ga iyayen da tsufa ya cim musu a hannunmu, to ina ga wanda bai ma zo ba balle ya ƙosa? Uba kuma, akwai kunyar da ba zai iya kawarwa gaban suruka ko ɗiya ba. Ɗansa namiji yake so ya yi masa wanka.

Mu sai da gyambo ya buɗe muka zauna muka raba kwana: wannan mako na wane, na gaba na wance, mai nisa ya ɗauki kuɗin magani da na mota, jikanya ta koma aji. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Yau gwaggo tana dogara sanda ta fito inuwar darbejiya, tana cin tuwo da hagu, tana kiran sunayenmu ko da harshen bai gama saki ba.

Mai karatu, in akwai tsoho kwance a gidanku, kada ka tsaya tambayar jiki ta waya. Ka tambayi wa ya juya shi daren jiya, sannan ka faɗi ranar da za ka zo ka karɓe shi.